'Yar Tsanar da Ba Ta Kwana a Gida

Lublin, Fabrairu 1998

Zuwa ga mahaifiyata Omma,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan gwiwoyinku sun yi sauƙi. Da na bugo waya, amma kunnenku ya daina shiri da ita, sai in yi ta ihu maƙwabta su zaci faɗa nake. Shi ya sa na ba wani abokin aikin mijina, baban Narae, wannan wasiƙa, zai sauka Daegu ya aiko muku.

Ajin Asabar ɗin nan da nake koya wa yaran 'yan ƙasarmu masu aiki a nan harshenmu yana nema ya fi ƙarfina. Yaran sun fara amsa wa iyayensu da yaren Foland, jikarku Narae ce ma shugabarsu. Idan na ɗauko littafi sai hamma, amma idan na zube takarda da almakashi sai ku ga kowa ya natsu. Mun yi mafici, mun yi fitilar takarda, kowane abu sai yaro ya faɗi sunansa da harshenmu kafin in ba shi.

Makon jiya, saboda bikin cikar watan farko na shekara, na ga hoton wata 'yar tsanar kara a wani tsohon littafi. Maƙwabciyata Halina ta samo mini karan alkama daga gonar wanta. Kowane yaro ya ɗaure tasa, ya rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa a takarda, ya cusa mata a ciki. Omma, Narae ta rubuta sunanta da hannunta, ba wanda ya riƙe mata! Sai da na juya baya na share hawaye. Yanzu da 'yar tsanar take kwana, ko wanka sai an yi rigima kafin ta ajiye ta.

Narae tana ɗan tari, amma wa sanyin garin nan ya bari? Ku gaishe da Kawu.

'Yarku,
Ok-ran

*

Yeongju

Uwar Narae,

Na gaishe ku. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta.

Ke, wane irin karatu kika yi da ba ki san abin da kika ɗaure ba? Wannan ba abin wasa ba ne, jeung ke nan. Ana yin ta ne ga wanda shekara ta zo wa da muguwar ƙafa. A sa sunansa a ciki, masifar ta bar shi ta shige karan, sannan a fitar da ita. Ba ta kwana a gida ko sau ɗaya. Ke kuma kin tara 'ya'yan mutane kin sa sun kira masifa da sunansu, kin ce su rungume ta su yi barci!

Laifina ne da na tura ki birni tun kina ƙarama, kika dawo kina ganin komai namu ado ne na rataya a bango.

Ki saurare ni. Ki cusa mata 'yan tsabar kuɗi, ki kai ta mararraba, ki yar, kada ki waiwaya. Wanda ya tsinta shi ya ɗauki abin da ke ciki. Ki faɗa wa sauran iyayen. Tarin nan bai kwanta mini ba.

Uwarki

*

Lublin, Maris

Omma,

Ina gaishe ku da girmamawa. Ba zan ɓoye muku ba, da na karanta wasiƙarku dariya na yi. Na karanta wa iyaye matan yaran aji, uwar Tae-ho ta ce, "To mu da muka jefa tamu a shara tun ranar, mai kwasar shara ya shiga uku ke nan!" Muka yi ta ƙyalƙyala.

Yanzu ba na dariya. An kwantar da Narae a asibiti, sanyi ya shiga huhunta. An canza magani, zazzaɓin ya ƙi sauka. Likita yana magana ina kallon bakinsa kamar akuya, da ba don Halina ba ban san yadda zan yi ba. Ita ke fassara mini da hannu da 'yan kalmomin da na sani, ita ke kawo romon kaza a kwalba, ita ke cewa, "Ci abinci, mace, idan kika faɗi wa zai ɗauke ki? Ni dai bayana ya mutu." Mijinta ya rasu, daga ita sai 'yarta Jagoda, sa'ar Narae kuma ƙawarta.

'Yar tsanar tana kan kabad. Idan na shiga ɗakin ba na son ɗaga kai. Amma Omma, wa zai tsince ta? Babba ba ya sunkuyawa don 'yar tsana, yaro ne zai ɗauka. Ba za a iya ƙona ta ba?

'Yarku,
Ok-ran

*

Yeongju

Uwar Narae,

Ki ƙona ta da sunan yarinyar a cikinta? Kina da hankali kuwa? Sai wani hannu ya ɗauka take barin mai ita, haka muka tarar.

Kina tambayata wa zai tsinta. Ban sani ba, ba na kuma son sani. Lokacin da muke yi ba wanda ya taɓa bin sawu ya duba. Wanda zai tsinta ba jinina ba ne, Narae jinina ce. Ki tashi ki yi abin da na ce.

Uwarki

*

Lublin, ƙarshen Maris

Omma,

Ina gaishe ku. Na yi abin da kuka ce.

Ranar da numfashin Narae ya tsananta har aka sa mata roba a hanci, na dawo gida ɗaukar kaya da safe. Na yi niyyar kai 'yar tsanar can bayan gari, amma ina sauri, sai na sake ta a mararrabar da ke ƙarshen layinmu. Ban waiwaya ba.

Zazzaɓin ya sauka. Likita ya ce sabon maganin ne ya karɓe ta, baban Narae ma haka ya ce, ni ma haka nake so in ce. Jiya ta ci shinkafa, har ta yi mini tsiwa.

Shekaranjiya na haɗu da Jagoda a matakala, ta buɗe jakar makarantarta tana murna. "Anti, duba abin da na tsinta! Ta Narae ce, na karanta sunan. Ita ta koya mini, na-rae, ko ba haka ba?" Ashe abin da nake koya wa 'yata ranar Asabar, ita ma tana koyar da shi ranar Lahadi.

Na ce ta ba ni. Ta ƙanƙame ta, ta ce a'a, da hannunta za ta ba ƙawarta, kafin nan za ta kula da ita, tare ma suke kwana. Ta yaya zan yi wa yarinya bayani da yaren da ko farashin burodi ba na iya tambaya da shi?

Bangonmu da nasu ɗaya ne, kuma ba shi da kauri. Tun jiya nake jin tari. Ina jin tsoro, Omma, ina kuma jin kunyar kaina.

Ok-ran

*

Yeongju

Uwar Narae,

Na je haikali na yi godiya. Yarinyar maƙwabta kuma, ki kai musu abinci, ki taimaka da abin da za ki iya. Amma abin nan kada ki taɓa shi, kada ya sake tsallake ƙofarki. Kin ji ni?

Uwarki

*

Lublin, Afrilu

Omma,

Gaisuwa. Narae ta dawo gida. An kwantar da Jagoda a ɗakin asibitin da Narae ta bari.

Ɗazu Halina ta ƙwanƙwasa, idonta duk ya kumbura, da 'yar tsanar a hannunta. Ta ce, "Jagoda ta ce a ba Narae, wai ta yi alkawari." Narae ta taho a guje tana miƙa hannu. Na riga ta. Na karɓa da hannuna biyu.

Kun ce wanda zai ɗauka ba jininku ba ne. Yanzu jininku ne. Kada ku rubuto mini inda zan kai ta.

Ku huta lafiya.

'Yarku,
Ok-ran