Zaman Shiru na Ƙarfe Tara

Landan, Litinin 9 ga Maris, 1931

Zuwa ga Yayata Maud,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sa tarin Gilbert ya lafa, tumakinku kuma su yi albarka. Mama na nan da sauƙi, sai gwiwar nan tata. Ni cikina ya shiga wata na biyar, ungozoma ta ce komai daidai.

Yaya, tun Juma'ar da ta wuce ban koma daidai ba. Kin san yadda na auri Aubrey, ina ganin jarumin littattafan soyayyar da kike ƙwacewa daga ƙarƙashin matashina ne ya fito da ƙafarsa: lauyan gwamnati, dogo, mai sanyin murya, ba ya cin nama, in ya ga gizo-gizo a baho sai ya ɗauke shi da kofi ya kai lambu. Kin kuma san ƙungiyarsa ta masu bin koyarwar Buda da ke taruwa a falonmu duk Lahadi. A ƙungiyar Ananda suke ce masa, sunan ne ma a allon ƙofarmu. Abin da ban taɓa rubuto miki ba, yakan ce in keɓe rana kaza da ƙarfe tara na safe, mu zauna shiru gaban mutum-mutumin Buda, ya kunna turare, ya riƙe hannuna. Sau huɗu muka yi haka tun aurenmu. Ni duk na ɗauka soyayya ce.

Ranar Juma'a da hantsi, yana kotu, wata mata ta buga ƙofa, takalminta sharkaf da ruwa. Ta ce sunanta Misis Tranter, mijinta mai dakon kwal ne, an yanke masa hukuncin rataya kan kisan wani mai gidan giya, tana bi gida-gida a sa mata hannu a takardar roƙon sassauci. Wai an ce mata nan ne gidan mutanen da ko ƙuda ba sa kashewa, to mijinta dai ya fi ƙuda, ko da yake uwarta ba ta taɓa yarda da haka ba. Ta yi dariya, ta goge ido. Na haɗa mata shayi. Tana sha tana tsine wa lauyan da ya kai shi ƙasa, wai wani zanƙalele mai hular gashin doki irin ta lauyoyi a ka, murya kamar ta limamin coci, da ya juya mijinta har ya kasa faɗin shekarunsa. Ta ambaci sunan lauyan. Sunan Aubrey ne, Yaya. Ita allon ƙofa kawai ta karanta. Na tambaye ta ranar ratayar, ta ce Alhamis mai zuwa da tara na safe, ai kullum da tara suke yi. A safiyar Juma'ar nan, kafin ya fita, Aubrey ya ce in keɓe masa Alhamis da tara.

Ban sa hannu ba. Na ce sai maigida ya dawo, ta ce haka duk matan manya ke cewa, ta bar mini takarda guda ko 'yan ƙungiya za su taimaka.

Da yamma na ajiye masa ita gefen farantinsa. Bai ɓata rai ba, da ma ya ɓata. Ya kira ni 'yar tsuntsuwarsa, ya ce littattafai sun cika mini kai, ina jiran mahayi ya iso a guje da takardar afuwa. Wai shi bai taɓa kashe kowa ba, aikin Tranter ne ya biyo Tranter, mutuwa kuma canjin riga ce, mutumin zai sake dawowa duniya ya gyara. Na ce ya tabbata shi ya yi kisan? Ya ce tabbatarwa ba aikinsa ba ne, na mutum sha biyun da kotu ta zaunar suka yanke hukuncin ne. Ya yanka tuffa ya miƙo mini rabi. Sannan ya ce in sunan gidan nan ya hau takardar, jaridu za su ɗauka, kujerar alƙalin da yake jira ta tafi, kuma ba ya jin zai iya ci gaba da zama da ni. Duk da murmushi ya faɗa.

Jiya na zagaya da takardar lokacin shayin ƙungiya. Tsohuwa Misis Pellow, mai cewa a rayuwarta ta fari sarauniyar Masar ce, ta ce 'yar nan, kar ki tsoma baki a abin da ya fi ƙarfinki, ta nemi ƙarin sukari. Ba wanda ya taɓa alƙalami. Bayan sun watse ya ɗora hannu a cikina, ya ce yana tunanin ko wane ne ke dawowa ta wurinmu. Mutum huɗun nan da muka yi wa zaman shiru ranar ratayarsu ne suka faɗo mini a rai.

Kafin jirgin ruwa ya kawo miki wannan an gama komai, don haka ba shawara nake nema ba. Ki gaida maigida Gilbert, da Rhoda da Cecily, da Gwaggo Beatrix in kin je gari. Kada Mama ta ji daga wurinki.

Yau da safe na sa hannu, da cikakken sunan aurena da lambar gidanmu. Gobe zan raka Misis Tranter mu kai takardar ofishin minista.

Taki ƙanwa,
Hester