Kwalaben Tonik Sun Sa An Cire Ni Daga Sauka, Yayana Kuma Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Admin da mutanen wannan zaure. Don Allah a ɗora min wannan ba tare da sunana ba, saboda akwai 'yan unguwarmu a nan, ina ganin kwament ɗinsu. Shekara biyu ina karanta matsalolin mutane ban taɓa tofa komai ba, yau abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san zagi kawai ya iya ya wuce, na ƙoshi da shi a gida.

Shekaruna sha bakwai, ina aji sha ɗaya, muna zaune a Bronx wajen Morrisania, hawa na huɗu. Babanmu direban tasi ne, Mama tana kitso a gida. Mu biyu suka haifa, ni da yayana, zan kira shi Yaya Bashir duk da ba sunansa ba ne. Ya girme ni da shekara tara. A gida Auta ake ce min. Ni ba mai magana ba ce, akwai malaman makarantarmu da sai sun duba takarda suke tuna sunana. Abu ɗaya aka san ni da shi a gida, harshe da hanci. Ni Mama take miƙa wa ludayi ta ce Auta ɗanɗana, in ce daddawa ta yi yawa, ko in ce wannan ba man gyaɗan da muka saba ba ne. Asabar da Lahadi ina islamiyya a ƙasan masallacinmu, shekara takwas ina bin matakalar nan, kuma bana muke sauka mu shida. An ɗinka mana anko, nawa yana rataye a bayan ƙofa cikin leda. Saura sati uku, kuma yanzu babu sunana a jerin.

Ga yadda abin ya faro. Yaya Bashir ya ce wa su Baba a wani otal a Manhattan yake aiki, ɓangaren abinci. Wata Asabar lokacin sanyi, Mama ta tafi suna, ya shigo kicin da jaka ya jera ƙananan kwalabe huɗu a kan tebur. Ya ce tonik ne, lemo ne kawai, ruwa da gas da sukari da ɗan ɗaci. Ya juya min bayan kwalbar na karanta abin da ke ciki da idona, babu ɗigon giya. Ya ce wurin aikinsu suna so su zaɓi wanda za su riƙa saya, shi kuma duk ɗaya yake jin su. Ya ce, “Auta, ke da kike kama Mama in ta canja mai, zo ki raba min gardama.” Na ɗanɗana. Na farko zaƙi ya kashe shi kamar an narka alewa. Na biyu ɗacinsa a makare yake zuwa, sai ka haɗiye yake tsaya maka a maƙogwaro kamar ruwan darbejiya. Na uku ƙanshin fure yake kamar sabulun wanka. Na huɗu ba shi da hayaniya, kumfarsa ƙanana ce kuma ba ta mutuwa da wuri. Ina faɗa yana kallona da baki buɗe.

Sati na gaba sai ya zo da ƙulle-ƙulle a leda, citta, kanumfari, ɓawon lemo, kokwamba, da wasu baƙaƙen 'ya'yan itace ƙanana da ya ce sunansu junifa. Ya ce in abu yana ƙanshin wannan, da wane tonik zai tafi? Na ɗauko littafin kemistiri na juya baya, na ja layuka da rula, yana faɗa min wasu sunaye ina rubutawa a gefe, ni kuma ina sa abin da ya dace da kowanne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tun a satin na gane. Baƙar rigarsa ta aiki tana irin warin da motar Baba take yi ranar Lahadi da safe kafin ya wanke kujerun. Yatsunsa duk sun tsage saboda yankan lemon tsami, kuma akwai mabuɗin kwalba a jikin makullinsa. Na duba sunayen a kwamfutar laburaren makaranta, duk sunayen gin ne, farar giyar nan mai kama da ruwa. Da na tare shi sai ya rantse da Allah bai taɓa kai ta baki ba, haɗa wa mutane yake a mashayar otal ɗin. Ya ce baƙi suna tambayarsa wace gin ce ta dace da wane tonik, abokan aikinsa suna ɗanɗanawa su ba da amsa, shi sai inda-inda, har manaja ya fara yi masa wani kallo. Har yau na yarda ba ya sha. Kuma na san hukuncin, mun karanta a islamiyya, laifin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba. Na sani na ci gaba, wannan nawa ne, ba sai wani ya tuna min a kwament ba. Abin da ya sa kuwa, a rayuwata ba a taɓa tambayata ra'ayina har a rubuta shi ba sai a teburin nan.

Ni na ce masa gin ɗin da junifa ya yi mata yawa, mai ƙanshin itatuwan nan da ake jerawa a bakin titi a Disamba, tonik mai ɗaci marar zaƙi take so. Ni na ce mai kokwamba kada a haɗa ta da na fure, su biyun duk ihu suke, a ba ta marar hayaniyar. Mai citta da kanumfari kuma tana son ɗan zaƙi da ɓawon lemo a kai. Ban taɓa ganin kwalbar gin a gidanmu ba, da hanci da kayan ƙamshi kawai na yi aikin. Bayan wata biyu ya dawo yana murna, an sa haɗinsa a menu, takardar jerin abin sha da ake miƙa wa baƙi, har ya kawo min kati ɗaya in ajiye.

Yanzu ga inda aka samu matsala. A hawa na biyu akwai wata 'yar Ghana, zan kira ta Anti Rakiya. Duk Juma'a tana bi ƙofa-ƙofa tana karɓar kwalabe da gwangwanaye, ta kai injin sufamaket a ba ta senti biyar-biyar, a zuba a asusun mata na islamiyya. Yaya Bashir kullum yana komawa da kwalabensa a jaka, wannan karon ya manta da su a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, Mama ta kwashe ta zuba a ledar Anti Rakiya ba tare da ta duba ba. Guda goma sha ɗaya. Injin ya ƙi karɓar su, tunda shagon ba ya sayar da irinsu, haka yake yi wa kowace baƙuwar kwalba. Sai baiwar Allah ta sa tabarau ta juya kwalbar, ta ga hoton kofi da ƙanƙara da yankan lemon tsami, da bayanin yadda ake haɗa shi da gin. Hawa biyu ne tsakaninmu, ba ta hau ba. Hoto ta ɗauka ta tura guruf ɗin WhatsApp na matan masallaci, ta ƙara da cewa ta taɓa ganina a matakala da irin kwalbar a hannu. Wannan gaskiya ne, ragowar mai ɗacin ce, ina son sa.

Mama tana tsakiyar kitso matar da take yi wa ta nuna mata waya. Sai daga baya Anti Rakiya ta hau, wai ta zo jaje, tana tafa hannu tana cewa, “Ei Hajiya, ɗiyanki ya lalace paa! Wannan mai sunkuyar da kai?” Na tattara duk ƙarfina na ce mata lemo ne, ta karanta bayan kwalbar. Ta ce in lemo ne me ya sa inji ya tofar da shi, ai inji ma ya san haram. Matar da ake yi wa kitso, kanta rabi a tsefe, ta ce lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi ke nan. A falonmu, a kan kujerarmu. Har yanzu in na ji takun silifas ɗin Anti Rakiya a matakala sai in ji kamar in ƙwala ihu.

Da Baba ya dawo ya zazzage jakata ta makaranta. Ya samu littafin kemistiri, shafi huɗu da rubutun hannuna, har da maki da na riƙa ba kowane haɗi. Turancin Baba ba yawa, amma kalmar gin ya san ta, shekara goma sha huɗu yana goge aman masu shan ta daga kujerar motarsa. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, wa ya koya min. Yaya Bashir yana zaune a wurin da kwanon tuwo a gabansa. Na kalle shi, na jira. Ya wanke hannu, ya ce, “Baba a yi mata haƙuri, yarinta ce, ƙawayen makaranta ne.” Wallahi da ya yi shiru gaba ɗaya da ya fi min sauƙi. Baba har ya sa masa albarka, ya ce ya riƙa sa min ido.

Washegari aka haɗa mu kai wanki shagon wanki na Grand Concourse, tunda yanzu ba a barina in fita ni kaɗai, shi ne mai gadina. Muna jiran inji ya fara ba ni haƙuri. Wai in ba shi wata biyu ya samu wani aiki. Wai Baba yana da hawan jini, in ya ji zai tsine masa ko ya faɗi. Wai bayan Sallah za a je masa gaisuwa gidan su yarinyar da yake nema, 'yar ƙanin liman ce, magana ɗaya ta isa ta rusa komai. Na ce ni fa? Ya ce ni yarinya ce za a manta, sauka kuma ai duk shekara ana yi. Na ce masa a unguwar nan an taɓa manta wa mace abu? Akwai wadda aka gani a jirgin ƙasa na layin D ba ɗankwali tun ina firamare, yanzu 'ya'yanta biyu, har yau da shi ake kwatanta ta. Sai ya ce in rage murya, kuma ai ni ma da sanina na yi. Na bar shi ya ninke kayan shi kaɗai.

A islamiyya wadda muke haɗa benci da ita shekara biyar ta ja jakarta ta koma baya. Wata ta ɗauki robar ruwana ta shinshina a gaban kowa aka yi dariya. Malamarmu ta kira ni gefe, ita kaɗai ce ta yi min magana kamar mutum. Ta ce maigidanta ya duba, tonik ba giya ba ne, wannan ta wanke ni. Amma littafin da Baba ya nuna mata fa? Ta ce ta san rubutuna kuma ta san halina, yarinyar da ba ta iya sayen biredi sai ta yi ta maimaita maganar a zuci ba ita ta zauna ta ƙirƙiro sunayen nan ba, akwai babba a bayan abin. Ta ce ranar Lahadi bayan Azahar za mu zauna da Baba da Mama. In na faɗi ko wane ne, za ta tsaya min a mayar da sunana. In na yi shiru, ba za ta iya zaunar da ni gaban iyaye da malamai da Alƙur'ani a hannu ba alhali ana wannan magana.

Na san in baki da baki ne, Baba da Yaya zai yarda. Shi ne mai jan mu sallah in Baba yana hanya, shi ne mai kai Mama asibiti. Hujja ɗaya gare ni, katin menu ɗin nan, yana cikin takalmina na sanyi. Akwai sunan otal ɗin a sama, da sunan Yaya a ƙasa a matsayin wanda ya haɗa. Amma layi na uku, mai kokwamba da tonik marar hayaniya, sunan da ya sa wa haɗin shi ne Auta. Ranar da ya kawo min katin na yi ta kallonsa ina jin daɗi kamar wawuya. Yanzu in na ajiye katin a gaban Baba, zai ga ɗansa yana zuba wa mutane giya, kuma zai ga sunan da shi da kansa yake kirana da shi an buga a jikinta ana sayarwa. Ban san ko Malama za ta iya tsaya min bayan ta ga wannan ba.

Jiya Mama ta yi miyar kuka, ta ɗebo a ludayi ta juyo inda nake zaune, sai ta tsaya, ta kai bakinta ita da kanta. Gishiri ya yi yawa. Kowa ya ci a haka.

Yau Alhamis. Kada wanda ya ce min jini ya fi ruwa kauri ko in yi haƙuri Allah zai bayyana gaskiya, gaskiyar tana cikin takalmina, ni ake jira. Ina jin haushinsa har ba na iya haɗa ido da shi, amma ba na so in zama sanadin da Baba zai tsine wa ɗansa. Iyaye mata da ke nan, in 'yarku ce me za ku so ta yi? In ba shi zuwa Asabar ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi fa? Ranar Lahadi in fito da katin da sunana a jiki, ko in zauna da shirun da aka san ni da shi, in ga 'yan ajinmu biyar sun sauka ina kallo daga bayan mata?