Sarkin Rami

Talata, 7 Nuwamba 2023

Mai Kuka ya sake kuka. Sunan da na sa wa Nasaran tele ke nan, wanda duk Talata yake zuwa ya zauna da mutanen daji, ya ci abin da suke ci, ya zaga bayan bukka ya amayar, ranar tafiya ya rungume kowa yana sharɓe majina. Yau wasu mutane ne cikin wani kurmi inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Sun ba shi gasasshiyar tsutsa. Na tashi na gwada yadda ya haɗiye ta, yaran Yaya Batula har da birgima a kan tapi. Mijinta Salifou ya ce in zauna, na tare masa tele.

Baba Ilya ya hawo daga ƙasa ya ci tuwo da mu, kamar kowace Talata. Tun daga ƙofa: ina bawana, ina ɗan Fillo, zo ka cire mini takalmi. Na ce Babarbare mai fuska kamar gonar da aka yi wa huɗa, bari in gama kallon danginka a tele. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sa'an mahaifina ne, amma uwarmu Bafillatana ce, shi kuma Babarbaren Gure, to babu abin da zan faɗa masa ya yi fushi. Haka muka tarar. Wasan nan shi ne abu guda na gida da ya biyo ni har Vénissieux, nan gefen Lyon, bai lalace a hanya ba.

Da fim ya ƙare Baba Ilya ya ce, Mai Kuka ya hau jirginsa ya tafi, su kuma yanzu kowa ya san hanyar gidansu. Na ce to ka kira shi ka gaya masa.

Alhamis, 9 Nuwamba

Depo. Kwali, kwali, kwali. Na sa wa abokin aikina Ibrahim Khalil tubali cikin sak, wato jakarsa, ya ɗauke shi har metro yana cewa yau jikinsa ya mutu.

Lahadi, 12 Nuwamba

Yaya Batula ta aike ni in kai wa Baba Ilya kunu. Ban cika son sauka can ba. Kab suke ce masa, ɗakunan ajiya ne a ƙarƙashin bene, kowane gida da nasa, mutane na zuba tsofaffin kekuna da katifu. Na Salifou shi ne ɗakin Baba Ilya tun da bayansa ya lalace a shantiye wajen aikin gini, takardunsa kuma suka mutu. Sama babu wuri, ni kaina a kujerar salon, wato falo, nake kwana. Dokarsa: ya fita kafin gardiyan, mai kula da bene, ya zo, ba ya kunna wuta, in tari ya zo ya cusa baki cikin bargo. Tsawonsa da na ɗakin ɗaya.

Ina ganinsa zaune kan kwali da buta a gefe sai abin ya faɗo mini. Na ce Baba, yau ni ne Mai Kuka, kai ne mutumin daji. Ya ce Bafillace da wayo, duniya ta zo ƙarshe. Na ce ai ka san ba ka da ikon ƙi. Ya ce to, amma tsakaninmu ne, bawana.

Na ciro waya na yi fim ɗin yadda suke yi. Mai Kuka ba ya faɗowa gari haka kawai, sai ya nuna wahalar hanya. To na koma har tashar taram na fara daga can, na ɗauko bene daga nesa, ƙofar shiga, matakala, duhu. Ina yi da muryarsa ta hanci: a nan, cikin dajin Minguettes (unguwarmu ke nan), mun gano wata ƙabila da ba ta taɓa ganin rana ba. Ga sarkinsu. Baba Ilya ya yafa bargo, ya riƙe tsintsiya, ya ɗaure fuska. Na tambaye shi me ƙabilarsa ke bauta wa, ya ce takarda mai hatimi, ba su taɓa ganinta ba amma sun yi imani. Wallahi ya fi ni iyawa. A ƙarshe na rungume shi ina kukan ƙarya, yana ce mini tashi ka ba ni wuri, kana warin nono.

Rabon da in yi dariya irin ta yau tun Maraɗi.

Talata, 14 Nuwamba

Na nuna musu fim ɗin bayan tuwo, da Baba Ilya ya sauka. Yaya Batula ta yi dariya, sai ta daina. Salifou ya ce, Ɗanyaro, goge wannan yanzu ina kallo. Na goge yana kallo.

Da ma tun jiya na tura wa Zaid. Zaid ɗan baffanmu ne, yana shagon atamfa a Château Rouge, Paris nisa gare ta. Na ce masa kar ya ba kowa.

Lahadi, 19 Nuwamba

Wani ɗan Tawa da ban sani ba ya tsayar da ni a kasuwa, ya toshe hanci ya ce, ga sarkinsu. Na ji daɗi. Gaskiya na ji daɗi. Sai da na hau taram na tambayi kaina a ina ya gani.

Na kira Zaid. Wai mutum ɗaya kawai ya ba, wani ɗan makaranta, shi kuma ya sa masa Faransanci a ƙasa ya ɗora a TikTok. Wai in gode masa, na zama wani abu. Na ce ya sa a cire. Ya ce ya riga ya bar hannunsa.

Talata, 21 Nuwamba

Baba Ilya ya hawo. Bai sani ba tukuna, wayarsa mai maɓalli ce. Ya ce bawana yau ka yi shiru, ko saniyarka ta mutu? Na ce Babarbare ci tuwonka. Na so in gaya masa. Yara suna nan, Salifou yana nan. Mai Kuka yana cikin wasu masu kiwon barewar ƙanƙara, yana rawar ɗari.

Gobe zan gaya masa.

Jumma'a, 24 Nuwamba

Ban gaya masa ba. A depo har shef, shugaban aikinmu, ya gani, ya ce in yi masa muryar. Na yi.

Na sake kallon fim ɗin a TikTok da kyau. Lambar bene tana nan ɓaro-ɓaro a saman ƙofa. Da na sauka matakala ma na tsaya kan lambar kab ɗin, ina cewa ga rubutun kakanninsu. Ni da kaina na tsaya a kai.

Litinin, 27 Nuwamba

An rufe.

Na dawo daga aiki na tarar da kayan Baba Ilya kusa da bola: katifa, bargo, buta, ɗan rediyonsa. Ruwa ya taɓa katifar. Masu bene sun zo da mai gyaran ƙofa sun canza makullin ƙasa gaba ɗaya, yanzu sai da ɗan katin gardiyan ake shiga. Ɗan gardiyan ne ya gani a waya ya nuna wa ubansa. Gardiyan ya gaya wa Salifou shi ya daɗe da sani, yana kawar da kai ne, amma abin da duniya ta gani ba zai ce bai gani ba. Ya ce Salifou ya yi hankali da nasa gidan ma.

Baba Ilya ba ya nan lokacin, Allah ya taimaka, yana masallaci. Wani ya je ya gaya masa kar ya dawo, akwai polis. Ko akwai ko babu ban sani ba. Bai dawo ba.

Salifou bai doke ni ba. Na so ya doke ni. Ya ce, shekara nawa muna rufa wa mutumin nan asiri, kai ka zo da waya. Na buɗe baki in ce wasa ne, Yaya Batula ta ce, rufe mini baki, Ɗanyaro.

Na hawo da bargon da butar da rediyon. Suna bayan kujerata.

Laraba, 29 Nuwamba

Wayarsa a kashe. Na duba masallaci, na duba tashar Perrache, na duba ƙarƙashin gada inda 'yan Gine ke kwana. Sanyi ya fara cizo.

Asabar, 2 Disamba

Wata mata ta kira ni da Faransanci, ban san wa ya ba ta lambata ba. Wai daga wani kamfanin fim na tele a Paris. Ta ga abina, ya taɓa mata zuciya. Suna so su zo su zauna tare da mutanen kab na ɗan lokaci, su ci tare, su kwana tare, don mutane su san halin da ake ciki. Bakina ya riga ni, na ce madam ki taho da jirgi mai saukar ungulu da hankici na kuka. Ta yi dariya, ta ce ina da ban dariya ƙwarai. Sai ta ce, dattijon fa, yana ina? Shi muke so.

Na ce ban sani ba. Ta ɗauka ɓoye shi nake yi, ta ce ta fahimta, za su rufe masa fuska.

Na kashe. Ta sake kira ban ɗauka ba.

Talata, 5 Disamba

Ban kalli Mai Kuka ba, na ce ina da aiki. Na yi ta yawo a taram har ƙarshen layi na dawo.

Lahadi, 10 Disamba

Zaid ya kira. Ya ga Baba Ilya a Château Rouge, yana ɗaukar wa wani Alhaji ɗan Damagaram kaya daga mota zuwa shago. Da bayan nan nasa. Wai yara na kiransa Sarkin Rami a titi, shi kuma yana ɗaga musu hannu. Wai abin ya kai Gure, ɗiyarsa Kadidiatou ta kira wani tana kuka tana tambaya ko da gaske babanta a rami yake kwana, ita ya ce mata yana da ɗaki da taga.

Ban san yana da ɗiya mai wannan suna ba. Ban taɓa tambaya ba. Na san dai yadda zan sa shi dariya.

Asabar, 16 Disamba

Paris. Na shigo motar bis da bargo da buta da rediyo cikin babban sak. Ina fitowa daga metro wani mai gyaran gashi ya gane ni, ya kira abokansa, ga mai fim, yi mana muryar. Na wuce.

Na same shi a bayan shagon Alhajin yana ninke kwalaye. Ya rame. Ya sa hula har gira, zanen fuskarsa dai ba ya ɓoyuwa. Tun a hanya na shirya abin da zan ce, na ce in na fara da wasa zai rama, in ya rama shi ke nan. Na ce Babarbare, ka gudu ka bar ubangidanka, wa zai ba ka nono?

Ya miƙe a hankali, ya ba ni hannu biyu. Ya ce, Malam Mika'il, sannu da zuwa. Ina gajiya. Ina hanya. Yaya sanyi. Yaya Salifou, yaya Batula, yaya yara, yaya aiki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, yadda ake gaida baƙon da aka haɗu da shi a tasha. Tun da na zo ƙasar nan bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Ban ma san ya san shi ba.

Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce ai babu laifi, wasa ne, ba a fushi da abokin wasa, haka muka tarar. Ya faɗe shi ba tare da ya dube ni ba. Na ce ka zage ni mana. Ya ce subhanallahi, don me.

Na ba shi kayan. Ya karɓi butar ya juya ta, ya ce madalla. Ya karɓi bargon. Rediyon ya ce in kai wa yara, inda yake yanzu ba a son ƙara.

Na ce ina ne, ina kake kwana? Salifou ya ce in tambaya, ko a samo wani wuri. Ya dubi hannuna. Ashe wayar tana hannuna, ban ma sani ba, kullum tana nan. Ya ce, wuri ne mai kyau, Malam Mika'il. Allah ya kiyaye hanya.

Ya koma kan kwalayensa. Na tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Alhajin ya leƙo ya ce in ba saye zan yi ba in ba su wuri.

Lahadi, 17 Disamba

Lyon. Salifou ya ce yaya. Na ce yana gaishe ku, kowa da sunansa.

Talata, 19 Disamba

Yaya Batula ta zuba tuwo, ta zuba har da kwanon Baba Ilya, sai ta mayar cikin tukunya. Gefen tapi wajen hita mai ɗumama ɗaki, inda yake zama, babu wanda ya zauna, yara ma.

Mai Kuka yana kan wasu duwatsu yau, cikin mutane masu gajerun bukkoki. Yana ta magana yana dafa ƙirji. Ni ban ji me yake cewa ba. A bayansa akwai wata tsohuwa a ƙofar bukkarta, ta ga kamara ta juyo, ta jawo tabarmar ƙofa ta rufe. Mai ɗauka ya matsa, ya sa hannu ya ɗaga tabarmar, ya shiga da mu. Mun ga tukunyarta, mun ga inda take kwana. Ta juya wa bango fuska. Ban sani ba ko da ma ana nuna irin wannan duk sati. Wataƙila yau ne kawai.

Da aka zo wajen kuka yara suka juyo gaba ɗaya, Kawu Ɗanyaro tashi ka yi, tashi ka yi. Na ce maƙogwarona ke ciwo. Na kwashe kwanuka na kai kicin, na daɗe ina wankewa.