Sunanki a Ƙasan Kowane Rubutu

Wambai, Suleja.

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki, yaya Zariya? Allah Ya ƙara sauƙi. Na kasa kiranki a waya ne don na san muryata za ta tona ni kafin in kai ga magana.

Yaya, na yi ɓarna. Kin tuna kin ce in ƙawata miki bulog ɗinki, shafin nan da kike rubutu a intanet? A cikin motar Abuja na yi aikin, kwamfuta a cinya, ina ta jin kaina gwani. Kowane rubutu yana ajiye da bayanansa: take, kwanan wata, sunan alƙalami, da sunan mai asusu na gaskiya. Tsarin shafin shi ke janyo su ya jera wa mai karatu. Wajen janyo sunan alƙalami sai na kira na mai asusu. Na gwada da rubutuna, na ga daidai, na manta ni sunayena biyun iri ɗaya ne.

Layi guda ne a cikin umarnin da na rubuta wa shafin, amma duk rubutunki ta nan yake bi. Inda aka saba ganin "Baƙuwa", sai ga Mas'uda Bamalli ɓaro-ɓaro, a ƙasan labarin cutar dajin da kika ɓoye wa Inna kika ce mata kwas kika tafi.

Fauziyya ta maƙwabta ta gani, ta gaya wa uwarta. Jiya uwar ta shigo da lemo, wai ta zo yi wa Inna jaje. Ina tsaye a tsakar gida. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Zaunar da ni ta yi, ta sa na karanta mata komai. Ba ta yi kuka ba sai da na kai inda kika ce gashinki ya zube, kina tsoron ranar da za ta gani.

Na gyara layin, sunanki ya ɓace, amma me ya rage? Amana kika ba ni na yi sakaci. Ki yafe mini, ko ba yanzu ba.

Gobe Inna za ta hau motar farko zuwa Zariya. Ta ce in gaya miki kada ki wahalar da kanki da ɗaurin ɗankwali, ita ta fara ganin kan nan babu gashi.

Ƙaninki mai jin kunyarki,
Abdulbasit