Ke guga, ni guga

Zuwa ga uwargida Hajo, a Gangara ta ƙasar Damargu, daga Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yaro da Inna. Damina biyu ke nan rabona da gida. Na bar ki da ciki, yau an ce ɗan da ban taɓa gani ba har ya fara tafiya.

Idi direba ya iso, ya ce hannunki na dama ya ƙi, nan gindin babban yatsa inda ya haɗu da wuyan hannu. Ya ce an kai ki wurin maɗori ya ja, abin ya ƙaru, yanzu kuma kawunki na maganar a yi miki lalas da ƙarfe mai zafi. Hajo, ke ba raƙuma ba ce. Malam mai karanta takardar nan, don Allah maimaita mata wannan wurin, kawu ma ya ji.

Ba targaɗe ba ne. Na san shi, don ya kama ni bara. Wanki da guga nake yi wa mutanen da ba su san sunana ba, matsar zannuwa daga safe har la'asar. Likita a nan ya sa na dunƙule babban yatsa cikin tafi, na karkata hannu wajen ƙaramin yatsa, sai da na yi salati. Ya ce jijiya ce ke gogar hanyarta har ta kumbura, kamar yadda igiya ke cin itacen bakin rijiya. Bai cuce ni ba, gaskiya ya faɗa, ko da yake hutun da ya ce in yi, mai gidana bai san da shi ba.

Ke guga, ni guga. Naki na rijiya, nawa na gawayi.

Ina tuna ki da hantsi, kina jan igiya kina ce mini, "Ruwan Damargu sai mai haƙuri." Haƙurin ya isa haka.

Ki sami kara mai ƙwari, ki ɗaure shi da tsumma daga yatsan zuwa dantse, kada ya motsa. Ki riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Daka da tatsa da jan ruwa, ki bar wa ƙanwata Zali, ki ce ni na roƙa. Yaron kuma kada ki ɗaga shi ta hammata da yatsu a buɗe, ki tallafo shi da dantse. In wata ya wuce bai sauka ba, ki bi motar kasuwa zuwa Tanut wurin lokotoro, likitan asibiti.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana shi, ya nuna mini ku da idona.

Abin da na tara: turmin atamfa ɗaya, ƴar riga ta yaro, da kuɗin jakin da zai ja miki ruwa, saura kaɗan.

Naki,
Mamman