Uku Bisa Goma

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Ni ma ina lafiya a makaranta.

Mama ta zo ranar ziyara, ta faɗa mini wai hukumar gari za ta rushe Gidan Agogo a ƙarshen wata don a faɗaɗa titi, kuma tun da takardar ta iso ka daina cin abincin kirki. Kaka, shekara talatin kana gyaran gidan nan. A gabana ka kankare tsatsar ƙofofinsa da hannunka. Mama ta ce doka ta hana taɓa ginin da ya haura shekara ɗari, amma sun ce sai ka kawo shaida. Ba ka da ita ne?

Don Allah ka riƙa cin abinci.

Jikarka,
Shiru-shiru

*

Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ita ma tsohon gini ce. Uwarki ta cika kai rahoto.

Shaida babu. Takardun ginin gara ta cinye su tun kafin a haife ni. Na san ya haura ɗari, yadda aka jera tubalinsa kaɗai ya isa, amma injiniyan hukuma ya ce shi lamba yake so. Magina na da sukan sassaƙa shekara a saman ƙofa. Babu saman ƙofa ko taga da ban kafa wa tsani ba, har cikin rufi na shiga da fitila. Ban samu komai ba sai kashin jemage.

Na rubuta littafi huɗu a kan garin nan, ga shi lamba huɗu sun gagare ni. Ki yi karatunki.

Kakanki

*

Kaka,

Ina gaishe ka da kyau. Akwai takarda a cikin wannan ambulan, don Allah ka buɗe ta a hankali, kuma kada ka juya bayanta.

Ka tuna hutun da nake aji biyu na firamare, da Mama take barina a wurinka? Kai ka koya mini a ɗora takarda a kan dutse a goga fensir, sai rubutu ya fito. Ran nan kana kan tsani, ni kuma na zagaya baya wajen famfo. Na ga wani dutse can ƙasa, daidai gwiwarka, na goga. Na kawo maka na ce, “Kaka, duba.” Ba ka sauko ba, ka ce, “Ya yi kyau, je ki yi wasa.” Na ji kunya na ninke ta. Shekara tara tana ƙasan akwatina.

Da wasiƙarka ta zo na fito da ita na ɗaga ta a hasken taga. Ina ganin 1908 ne, da hoton guduma a gefe. Wataƙila ba daidai na gani ba. Yanzu dutsen ba ya fitowa, saboda shekarar da ta biyo baya aka ɗaga kwata, siminti ya rufe gindin bangon.

In ba ta da amfani, ka yi haƙuri.

Jikarka

*

Ke ja'ira!

Gaisuwa daga baya. Na ɗauki birkila mun fasa simintin bayan famfo. Yana nan! 1908, da gudumar, har da wata 'yar tsaga a jikinta. Na zauna daɓas a cikin kwata ina dariya har birkila ya ce ko a kira likita. Shekara talatin ina ɗaga kai sama, ashe maginin a ƙasa ya sa hannu. Wataƙila gajere ne irinki.

Amma da sauran aiki. Injiniya ya ce wa ya sani ko ni na sassaƙa shi makon jiya na shafa masa ƙasa. Hukuma za ta zauna ranar Laraba, suna son ganin wadda ta goga takardar. Na rubuta wa shugabar makarantarku, ta ba ki kwana biyu.

Na juya bayan takardar. Dole na juya, aikina ke nan. Jarrabawar lissafi ce, da hatimin makaranta da kwanan wata na shekara tara da suka wuce. Wannan hatimin shi ne shaidarmu. Uku bisa goma kuwa, ba zan faɗa wa kowa ba, sai dai hukuma.

Na san magana a gaban mutane tana yi miki wuya. Ba zan tilasta miki ba. Amma ni sun gaji da muryata.

Kakanki

*

Mama,

Ina gaishe ki, ya aikin asibiti? Na san kin so zuwa. Ga yadda aka yi.

Mutum bakwai ne a bayan dogon tebur, ga fanka tana ta ƙara. Da aka kira ni na miƙe na gaishe su ƙasa-ƙasa. Shugaban ya ce, “Yarinya, ɗaga murya.” Na sunkuyar da kai. Sai Kaka ya turo mini fensir ta kan tebur.

Na riƙe shi, sai na ji maganar ta zo. Na faɗi komai, da famfon da tsanin. Injiniya ya juya takardar ya ce, “Wadda ta ci uku bisa goma ce za ta koya mana lamba?” Aka yi dariya. Mama, ban san lokacin da na ce, “Ranka ya daɗe, ban iya lissafi ba a lokacin, shi ya sa ba zan iya ƙirƙirar lambar ba. Gogawa kawai na yi.” Sai dariyar ta koma kansa. Shi ma ya dara, ya ce, “To, na ji.”

Duk suka tashi muka tafi bayan ginin. Na ɗora tsohuwar takardar a kan dutsen, ta zauna daram, har tsagar da ke jikin gudumar. Shida suka ɗaga hannu a bar ginin, na bakwai ya ɗaga daga baya. Titin zai kewaya.

Kaka ya ci abinci faranti biyu, ya ce in rubuta miki a rahoto.

'Yarki

*

Shiru-shiru,

Ina gaishe ki. An sa wa takardarki gilashi gaba da baya, don tarihi ba ya ɓoye maki. Na rataye ta a zauren Gidan Agogo, ƙasa-ƙasa, daidai idon mai shekara bakwai. Duk babban da yake son gani sai ya durƙusa. Jiya shugaban hukuma ya durƙusa.

Na sayar da tsanin. In kin zo hutu, ki zo da fensir. Akwai gindin bango da yawa a garin nan da ban taɓa dubawa ba.

Kakanki