Mama, Ke da Kika Kai Wasu Asibiti

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina cikin hutun Ubangiji. Mama, har yau ina jin haushinki, kuma gara in faɗa.

Kin tuna 2006, lokacin da nake digiri na biyu, ina binciken ƙwayar cutar hanta a jinin matan kasuwar Lafiya? Sati biyu ina yawo da kular ƙanƙara da allurai, ba wadda ta yarda. Har an fara cewa sayar da jini nake yi. Ke kika tashi daga kan tulin doyarki, kika miƙo hannu a gaban kowa, kika ce wadda ke tsoron 'yar da kika goya ta zo ta faɗa miki. Ranar sai da kwalabena na zuba jini suka ƙare.

Da sakamako ya fito daga ɗakin gwaji, naki yana cikin masu ɗauke da cutar. Sau uku na maimaita. Na zo gida da takardar, kika ninke ta kika sa ƙarƙashin katifa. “Ni na ba ki jini don karatu ne, ba don ki nemo mini ciwo ba.” Kika ɗora tukunya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ke kika riƙa jan sauran matan zuwa asibiti. Kika ɗora Maman Talatu, maƙwabciyar rumfarki, a kan acaba, kika raka ta har ƙofar likita, kika zauna a benci kina ɓare gyaɗa. Taku biyar ya rage ki shiga. Na roƙe ki, na yi kuka, na turo Fasto. Kika ce doya ba ta sayar da kanta, kuma jiƙon da kike sha ya ishe ki.

Lokacin da idonki ya yi rawaya, cikinki ya kumbura, kika ce in kai ki. Likita ya dube ni, ya san na san sauran.

Maman Talatu tana nan, Mama. Jikokinta huɗu. Duk Kirsimeti sai ta aiko mini da doya, ni kuwa in rasa yadda zan ci.

Ban taɓa tambayarki ko tsoro kike ji ba. Ina ta karanta miki takarda, ban zauna na riƙe hannunki ba. Wannan laifina ne.

Allah ya gafarta mana mu biyu, ya ba ki hutawa, ya sanyaya mini zuciya.

'Yarki mai taurin kai irin naki,
Ladi